Gidan Manomi a Taskar Tarihi: Tsarin Jamus da Makomar Ginin Ƙasa a Yammacin Zamfara

1.0 Gabatarwa

A Turai akwai wani nau'in gidan tarihi da ake kafawa a sarari, inda gine-ginen kansu su ne kayan kallo. An buɗe Skansen a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a shekarar 1891, sannan aka kafa ƙauyen tarihi na Cloppenburg a Jamus a 1934. Wannan maƙala za ta duba yadda tsarin yake, da dalilin da ya sa ba zai zauna daidai a kan ginin ƙasa na yankin Anka da Gummi da Bukkuyum ba.

2.0 Gidan Katako na Manoman Jamus

Tsohon gidan manomi a arewacin Jamus ƙwarangwal ne na manyan katakai, waɗanda aka sassaƙa bakinsu su shiga cikin juna, aka danne da turakun itace. Ana cike gurbin da ke tsakaninsu da saƙaƙƙun tsumagu a yaɓe da laka, ko kuma a jera jan bulo. Iyali da dabbobi da amfanin gona duk suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Tun da katako ne ke ɗauke da nauyin ginin, ana iya sa wa kowane lamba, a kwance gidan, a kai shi wani wuri a sake ɗaurawa. Wannan ne ya ba gidajen tarihin damar tattara gidaje daga ƙauyuka daban-daban.

3.0 Ginin Ƙasa da Gwajin Jos

Gidan Bahaushe ba ya kwantuwa haka. Bangon tubali shi ke ɗauke da nauyi, azarar giginya kuma a cikin ƙasa take binne. Ranar da aka rushe bango, ya koma ƙasar da aka kwaɓa. Saboda haka, da masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, Zbigniew Dmochowski, ya jagoranci kafa gidan tarihin gine-ginen gargajiya a Jos cikin shekarun 1970, kwaikwayo aka gina. A ciki akwai wani sashe na ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani ya gina asalinsa a ƙarni na 19. Gwajin ya nuna abu biyu. Na farko, magina masu sanin sana'ar ne suka sa aikin ya yiwu. Na biyu, hankali ya fi karkata ga gine-ginen sarauta da na addini, gidan talaka bai samu irin wannan kulawa ba.

4.0 Halin da Ake Ciki a Yammacin Zamfara

Gidan manomi a wannan yanki ya ƙunshi zaure da ɗakunan mata da turaka da garke, sai rumbu da rufewar ƙasa ta ajiyar gero da dawa. Rayuwar irin wannan gida ta dogara ne ga yaɓe da gyaran indararo da sabunta jinka kafin faɗuwar damina. Gidan da aka bari babu kowa, 'yan damuna kaɗan sun isa su kwantar da shi. A yau matsalar tsaro ta tayar da ƙauyuka da dama, ambaliyar da ta auka wa Gummi a 2024 ta rushe gidaje masu yawa, mai hali kuma idan ya tashi sake gini, bulo da kwano yake nema. Ba a ga laifinsa ba, domin kowa ya san inda rufinsa ke yoyo. Sai dai idan aiki ya yanke wa magini, ɗansa ba zai gaji sana'ar ba, kalmominta kuma su bi ta.

5.0 Kammalawa

Abin da Jamusawa suka adana katako ne. Abin da za a adana a Zamfara hannun magini ne da iliminsa. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa shi ne auna gidajen da suka rage a zana taswirarsu, a naɗi bayanan tsofaffin magina da karin harshensu, a kuma tattara sunayen sassan gini da na kayan aiki. Idan har za a kafa ƙauyen tarihi a jihar, a tanadi kuɗin yaɓen kowace shekara tun kafin a aza tubalin farko.