Ɗan akwatin rubuta suna, ƙofar da ɓarayin intanet ke bi

Duk wanda ya taɓa buɗe adireshin wasiƙa a intanet ya san ƴan akwatunan nan: ɗaya na suna, ɗaya na kalmar sirri, in kuwa sabon shiga ne a ƙara masa na lambar waya da ranar haihuwa. Mukan cika su ba tare da tunanin komai ba. To amma masana sun daɗe suna kashedi cewa ta nan ne ɓarayi ke samun ƙofa, ta wata dabara da ake kira XSS a taƙaice, wadda cibiyar CERT ta Amurka ta yi gargaɗi a kanta tun watan Fabrairu na 2000.

Ga yadda abin yake. Akwatin an yi shi ne don a rubuta suna, amma shi mugu sai ya rubuta umarni da harshen JavaScript, wato harshen da burawza ke biyayya gare shi. Idan masu dandalin ba su tace abin da aka rubuta ba, suka mayar da shi kan allo yadda ya zo, misali a cikin saƙon nan mai cewa "wane, kalmarka ba daidai ba ce", burawza ba ta iya bambanta umarnin mai gida da na baƙo. Duka biyu za ta zartar. Daga nan ɓarawo na iya kwashe kuki, ɗan guntun shaidar da dandali ke ajiye wa mutum bayan ya shiga, ya shige da sunansa ba tare da ya san kalmar sirrinsa ba. Ko kuma ya shimfiɗa akwatin bogi a kan na gaskiya. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne adireshin da ke sama na ainihi ne, don haka shawarar nan ta "duba adireshi kafin ka rubuta" ba ta ceton kowa a nan.

Akwatin rajista ya fi haɗari, domin abin da aka rubuta a cikinsa ajiye shi ake yi. Sunan da ke ɗauke da umarni yakan kwanta shiru har ranar da ma'aikacin dandalin ya buɗe jerin sababbin masu rajista, sai ya tashi a kwamfutarsa, shi da ke riƙe da makullan gidan duka.

Labarin da ya fi shahara shi ne na Samy Kamkar, wani saurayi ɗan shekara 19 a Amurka. A watan Oktoba na 2005 ya cusa umarni a wurin da masu amfani da MySpace ke rubuta bayanin kansu. MySpace ba su yi barci ba, sun hana rubuta kalmar javascript. Shi kuwa sai ya raba kalmar gida biyu, rabi a layin sama rabi a na ƙasa. Matatar ba ta gane ta ba, amma wasu burawza suka haɗe ta suka zartar. Duk wanda ya leƙa bayanin Samy sai ya aika masa neman abota bai sani ba, a rubuta a nasa bayanin cewa Samy ne gwarzonsa, sannan umarnin ya kwafi kansa ya jira mai leƙowa na gaba. Cikin awa 20 ya kama mutum sama da miliyan ɗaya, dole kamfanin ya rufe dandalin don gyara. Wasa yaron ya ɗauke shi, hukuma ba ta ɗauke shi wasa ba: a 2007 ya amsa laifi, aka yanke masa shekara 3 ƙarƙashin sa ido da kwana 90 na aikin al'umma.

Kada a ce sakarkaru kaɗai ake kamawa. A watan Afirilu na 2010 gidauniyar Apache, matattarar ƙwararrun masu rubuta manhaja, ta faɗa tarkon. An aiko da gajeren adireshi mai ɗauke da umarni, wasu masu kula da na'urorin suka latsa, kuma cikin ƴan kwanaki maharan suka dasa abin da ke tattara kalmar sirrin duk wanda ya shiga.

A ganinmu laifin na magina ne, ba na mai cika akwati ba. Maganin sananne ne: duk abin da baƙo ya rubuta a juya alamominsa, irin su < da >, su zama rubutu zalla kafin a nuna shi. Tun 2002 kuma Microsoft ta fito da alamar HttpOnly da ke hana JavaScript taɓa kuki. Duk da haka, a jerin manyan ɓarakoki goma da ƙungiyar OWASP ta fitar a 2007, XSS ce ta zo ta ɗaya, kuma a watan Janairu na 2019 kamfanin Check Point ya bayyana irinta a hanyar shiga wasan Fortnite, ta wani tsohon reshen dandalin da aka bari ba gyara.