Tsakanin agogon ladan da inuwar mutum: yaushe ne Azahar a Kwanar Dangora?

Wanda ya taɓa yada zango a Kwanar Dangora da tsakar rana ya san abin da nake nufi. Nan ne titin Kano zuwa Zariya ke rabuwa da wanda ya nufi Tudun Wada, ya keta dajin Falgore, ya bi ta Doguwa zuwa Jos, saboda haka motoci ba sa yankewa. Ƙarfe 1 za ka ji wani masallaci ya kira Azahar. Kafin ka gama shan rakenka sun idar. Ƙarfe 2 kuma sai wata lasifikar ta ɗauka, kamar yanzu ne rana ta karkata. Fasinja ya rasa wa zai bi, direba yana cewa a yi haƙuri sai an kai gaba, wani dattijo a kujerar baya yana gunaguni cewa yaran zamani suna salla tun lokaci bai yi ba.

Dattijon bai yi daidai ba. Amma shi ma saurayin da ke ganin masu ƙarfe 2 sun yi sakaci da salla, da sauransa.

Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya karanta Ahalari ya ji cewa kowace salla lokaci biyu gare ta: muhtari, wanda aka ba mutum zaɓi a cikinsa, da laruri, wanda aka tanada domin mai uzuri kamar wanda barci ya kwashe ko ya manta. Muhtarin Azahar yana farawa daga zawali, wato sa'ad da rana ta gota daga tsakiyar sama, har zuwa lokacin da inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage masa a daidai zawalin. Wannan fili ne na sa'o'i uku ko fiye. Mai ƙarfe 1 da mai ƙarfe 2 duk a cikinsa suke. Gardamar tasu a kan wane yanki na filin ne ya fi lada.

A nan mazhabar Malikiyya ta raba hukunci biyu. Mai salla shi kaɗai, farkon lokaci ne ya fi masa a kowace salla. Masallacin da ake jiran jama'a kuwa, an so ya jinkirta Azahar har inuwa ta ƙaru da rubu'in tsawon mutum, a ƙara a kan haka idan zafi ya tsananta. Malamai suna ƙiyasta tsawon mutum da kamu huɗu, ko taki bakwai na ƙafarsa, don haka rubu'in nan kamu ɗaya ne. Ma'aunin ya samo asali daga wasiƙar da Sayyidina Umar ya aika wa gwamnoninsa, wadda Imamu Malik, da ya rasu a shekara ta 179 bayan Hijira, ya kawo a cikin Muwaɗɗa. Abin lura ne cewa da babin lokutan salla ya buɗe littafin, tun kafin ya taɓo alwala.

Yanzu bari mu ɗora wannan kamun a kan ƙasar Dangora. Garin yana wajen digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma wajen digiri 8 a gabas. Agogon Najeriya kuwa an saita shi ne a kan digiri 15, can wajen N'Djamena. Kowane digiri minti huɗu ne, shi ya sa rana ba ta taɓa tsayawa tsaka a nan da ƙarfe 12 daidai. A farkon Nuwamba zawali kan zo wajen 12:11, a tsakiyar Fabrairu ya kai wajen 12:41. Rabin sa'a ke nan yana kai da kawowa, alhali allon da aka rataye a bangon masallaci yana nan yadda aka rubuta shi tun bara waccan.

Ita ma inuwar zawali ba ta zama wuri ɗaya. Wajen 20 ga Afrilu, da kuma wajen 23 ga Agusta, rana kan bi ta daidai ƙoƙon kai, sandar da aka kafa a tsaye ta rasa inuwa gaba ɗaya. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar tana faɗuwa ta kudu, gajeriya. A ƙarshen Disamba kuwa tana miƙewa arewa har kusan taki biyar. Idan ka lissafa kamun nan na jinkiri, a Afrilu zai cika wajen 1:25, a ƙarshen Disamba sai ƙarfe 2 ta ɗan gota. Ashe ƙarfe biyun tsofaffin masallatanmu ba daga sama ta faɗo ba. Da hunturu ita ce rubu'in da littafi ya ambata, da bazara kuma, lokacin da kwanon masallaci ke zama kamar tanda, ta shiga cikin umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na a bari rana ta yi sanyi. Masu ƙarfe 1, waɗanda suka yawaita bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978, sun riƙe hadisan da suka fifita salla a farkon lokacinta, kuma ba wanda zai ce ba su da madogara.

Abin da ya fi damuna ba a masallaci yake ba. Mata a cikin gida da manomi a gonar masara ko fadamar rake, da yawansu sun ɗauka lokaci ba ya shiga sai ladan ya kira. Sai ka ga mace ta gama aikinta tun ƙarfe 1, tana zaune tana jiran kiran ƙarfe 2, alhali jinkirin nan an yi shi ne don mutane su taru, ita kuwa ba taron da take jira. Falalarta tana farkon lokaci.

La'asar ce ke da tarko ta fuska biyu. A wasu watanni tana shiga tun wajen 3:30, amma a Fabrairu takan kai ƙarfe 4 kafin ta shiga. Ladanin da ya saba kira ƙarfe huɗu saura kwata duk shekara, a wannan watan ya kira kafin lokaci, kuma ban da Asuba babu sallar da ake kira kafin ta shiga. Ta ɗaya fuskar, muhtarinta yana ƙarewa ne da zarar rana ta yi fatsi-fatsi. Ranar kasuwa mutum yana ciniki yana cewa bari in sallami wannan, kafin ya farga hasken da ke jikin bango ya koma ruwan ɗorawa.

Magariba ba ta da gardama sai gaggawa. A mashahurin zancen Malikiyya, muhtarinta bai wuce gwargwadon yin tsarki da alwala da sallar kanta ba. Sai dai faɗuwar rana a wannan yanki tana tafiya daga wajen ƙarfe 6 a tsakiyar Nuwamba zuwa kusan 7 saura minti biyar a farkon Yuli. Ga kuma hazo, wanda kan haɗiye rana tun tana sama. Mutanen da ke gindin duwatsun Riruwai suna da tasu matsalar: rana ta ɓuya a bayan dutse ba ta faɗi ba tukuna, sai an ga duhu ya taso daga gabas. Da azumi wannan bambancin ba ƙarami ba ne.

Lisha tana shiga da ɓacewar jan shafaƙi, muhtarinta ya kai sulusin dare na farko. Da damina, daren da aka yi ruwa mai yawa, an yarda jama'ar masallaci su haɗa ta da Magariba.

Asuba kuma Imamu Malik ya fi son a yi ta da duku-duku, da zarar alfijir na gaskiya ya keto. Hanafawa, irin mutanen Turkiyya da Pakistan, sun fi son gari ya ɗan yi haske. Alfijir na ƙarya wani farin haske ne da ke miƙewa sama a tsaye sannan ya dushe, na gaskiya kuwa a kwance yake bazuwa a gefen gabas. A ƙauyukan da ba hasken lantarki, wajen bakin ruwan Tiga, idan sama ta yi garau bayan damina, ana iya ganin su biyun da ido.

Yau wayar hannu ta karɓe aikin sanda, kuma lissafinta na zawali da faɗuwar rana yana da kyau. Amma ita ma sai an san yadda aka saita ta. Tsarin ƙungiyar Rabiɗa yana ɗaukar alfijir a lokacin da rana take digiri 18 ƙarƙashin gefen sama, na Masar digiri 19 da rabi, tazarar minti shida ko bakwai a nan. Wayar da aka bari a kan lissafin Hanafiyya, wanda ke jiran inuwa ta ninka tsawon abu biyu, za ta kai La'asar baya da kusan sa'a guda. Haka kalandar da aka bugo don wani gari: tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai fiye da rabin sa'a, ko da yake agogonsu ɗaya. Ta birnin Kano za ta yi wa Dangora aiki, amma ita ma gara a ƙara mata minti biyu a Magariba, tunda garin ya ɗan fi Kano kusa da yamma.