2.4 Sinadaran Daidaita Kalsiyam da Mutuwar Majinyatan Korona

Abubuwa biyu ne suka fi daidaita kalsiyam a jinin ɗan'adam, wato homon ɗin faratayirod, wanda wasu ƙananan ƙwayoyin nama huɗu da ke cikin wuya suke samarwa, da kuma bitamin D bayan hanta da ƙoda sun sarrafa shi. Da zarar kalsiyam ya ragu, sai faratayirod ya jawo shi daga ƙashi, shi kuwa bitamin D ya sa hanji ya ƙara tsotso shi daga abinci.

Tun a shekarar 2020 likitoci suka lura cewa a cikin majinyatan korona da aka kwantar, masu ƙarancin kalsiyam ko bitamin D sun fi mutuwa. To amma wannan bai tabbatar da cewa ƙarancin ne ya kashe su ba, domin tsofaffi da masu ƙiba da masu ciwon ƙoda, waɗanda cutar ta fi kayarwa, dama can sun fi fama da shi. Hasali ma, a wani gwaji na majinyata 240 a Brazil, wanda aka buga a 2021, an bai wa rabinsu bitamin D mai yawa sau ɗaya, amma kwanakin jinyarsu ba su ragu ba.