Dokin teku da bado: kowa da dabarar renonsa

Mu duka mun san bado, mai farin fure, wanda ganyensa ke shimfiɗe bisa ruwan tabki. Dokin teku kuwa sai a hoto, don cikin ruwan gishiri yake zaune. Ƙaramin kifi ne, yawanci bai wuce tsawon tafin hannu ba. Kansa kamar na doki, kuma a tsaye yake iyo.

Dukansu ruwa marar zurfi suke so. Bado na kafa saiwa cikin laka, shi ko dokin teku ya naɗe wutsiya jikin ciyawa don kada ruwa ya tafi da shi.

Abin mamaki, namijin kifin ke ɗaukar ciki. Mace na zuba ƙwai cikin wata jaka da ke gabansa, ya riƙe su har su ƙyanƙyashe. A gaɓar tekun Sinigal da Gine ana kama shi, a busar, a kai Asiya don haɗa magani. In namiji mai ciki ya shiga taru, ƴaƴan duka sun salwanta. Tun 2004 ƙasashe suka sa ma cinikinsa ƙa'ida.

Bado ma ɓoye nasa yake. In fure ya gama, ɗan ya nutse, ya nuna ƙarƙashin ruwa, sannan ya fashe, iri ya watsu. Tsabarsa da saiwarsa sun sha ceton iyali shekarar yunwa. To, in muka kwashe shi tun bai fashe ba, muka tone saiwa duka, baɗi fa? Mu riƙa barin wani gefe na tabki ba a taɓa ba. Kuma kada mu daɗe cikin ruwan: ƙananan dodon-koɗi masu yaɗa tsargiya na maƙalewa ƙarƙashin ganyensa.