Tara Kalmomi Gida-gida: Hanyar Sauƙaƙa wa Yara Karatu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa iyaye da malamai, tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 makarantun gwamnati suka daɗe a rufe, yara da yawa a nan Wad Haddad da ƙauyukan kewaye suka kai shekarun karatu ba su taɓa riƙe littafi ba. Nauyin ya dawo kan makarantar allo, wadda muke kira halwa, da kan iyaye a gida. Shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayanin wata dabara da ba ta buƙatar komai sai allo, tawada da 'yan guntayen kwali.

Tsarin da kakanninmu suka zo da shi daga ƙasar Hausa, bayan yaƙin Burmi na 1903, sananne ne. Yaro ya fara da babbaƙu, yana kiran haruffa da sunayensu na Hausa, irin su ha kuri da ɗa mai hannu. Sai farfaru, inda ake ɗora wasali bisa, wasali ƙasa, rufu'a da ɗauri. Littattafai irin Ƙa'idar Bagadaza da Ƙa'idar Nuraniyya su ma a kan wannan tsani suke hawa. To amma tsakanin sanin harafi da karanta kalma akwai rata. Sau nawa muka ga yaro yana rera sura da ka, an nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar allo ya yi tsuru-tsuru? Kunne ya haddace, ido bai koya ba.

Dabarar ita ce a tara kalmomin da ƙarshensu ɗaya ne a wuri ɗaya, mu ce da su 'yan gida ɗaya. A fara da Hausa a rubutun ajami, don ita yaro ke ji a gida. Malam ya rubuta tara, dara, gara, kowace a kwalinta, sannan kuka, duka, shuka. A cakuɗa, a zana da'ira biyu a ƙasa, a ce: "Kowa ya koma gidansu." Yaro ya ɗauki kwali, ya furta da ƙarfi, ya ajiye, ya kuma faɗi dalili. Idan ya iya karanta tara, an musanya masa harafin farko kawai, zai karanta dara da kansa, ko da bai taɓa ganinta ba. Nan ne amfanin yake.

Idan ya saba, sai a shiga Larabci: bab, kitab, turab a gida ɗaya, nur, sur, dur a wani. Gida biyu sun isa a farko, kalmomi kaɗan, zama gajere. In ya yi kuskure kada a yi saurin gyara masa, balle bulala. A ce ya sake furta kalmar tare da maƙwabciyarta, shi da kansa zai ji ba su dace ba.

Mataki na gaba shi ne kalmomin da suka yi kama amma ba gidansu ɗaya ba. Garin da muke zaune da garin tuwo, jan wasali ne ya raba su, kuma ajami yana nuna shi da alif. Haka jamal, raƙumi, da jamal mai madda, wato kyau. Mafi hatsari su ne ƙaf da kaf: ƙalb zuciya ce, kalb kuwa kare. Yaranmu suna jin Larabcin kasuwa inda ƙaf ke komawa "ga", don haka sai an ware musu gidan ƙaf, gidan kaf da gidan gain. Wanda ya saba da rubutun Warsh kuma a nuna masa cewa fa ɗinsa ɗigo ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, alhali a mushafin Hafs fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu.

Daga nan sai gajerun surori. Ayoyin Suratun Nas duka da alif da sin suke ƙarewa, na Ikhlas da dal, na Kausar da ra, na Fil da lam. A sa yaro ya nemo waɗannan ƙarshen da yatsa a allonsa. Amma fa a kiyaye: kalmomin Alƙur'ani ba a rubuta su a kwalin da za a watsa a ƙasa. Su a allo suke zama, a wanke su a wuri mai tsarki kamar yadda aka saba.

Iyaye mata da yayye, ku ma kuna iya yin wannan bayan la'asar, ko da da gawayi ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da ya raba ƙaf da kaf yau, shi ne zai ja mu salla gobe ba tare da lahani ba.

Allah Ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙirji, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.