Gyaran Madafi a Ƙasar Gobir: A Fara da Hayaƙi

A gidaje da yawa na Sabon Birni da Isa da ƙauyukan bakin Gulbin Rima, wurin da aka fi shan aiki shi ne na ƙarshe a samun gyara. Zaure ya sha siminti, ɗakin amarya ya sha fenti, madafi kuwa yana nan yadda aka gaje shi: duwatsun murhu uku, bango baƙi ƙirin da kunkunniya, rufi yana yoyo. Idan aka yi wa maigida magana sai ya ce babu hali, kuma da gaskiyarsa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kayan gini suka yi tashin gwauron zabi. Ko da yake ana yin siminti a Kalambaina kusa da birnin Sakkwato, kafin buhu ya iso gabashin jihar kuɗin mota ya hau kansa.

To amma madafi ba ya bukatar a rushe shi a sake gini rana ɗaya. Abin da yake bukata shi ne a san abin da za a fara da shi, ni kuwa a ganina hayaƙi ne.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda akasarinta daga girki take, ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Hayaƙin itace da kara da kashin shanu yana ɗauke da ƙananan ɓurɓushi da ido ba ya gani, suna shiga can cikin huhu. Wadda ke durƙushe tana hura wuta, idonta na hawaye, goyo a bayanta, su biyun ne ke shaƙa. Maganin farko kusan kyauta ne: a fasa taga ɗaya a sama dab da rufi, inda hayaƙi mai zafi ke taruwa, a buɗe wata ƙarama a ƙasa a ɗaya bangon domin iska ta shigo ta kora shi. A sa waya a bakinsu saboda ɓera. Lokacin hunturu kuma kada a toshe su don sanyi, musamman idan da gawayi ake girki, domin gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kisa a rufaffen ɗaki.

Sai murhu. A kan duwatsu uku, mafi yawan zafin wutar ta gefe yake zurarewa, kaɗan ne ke isa gindin tukunya. Idan aka kewaye wutar da ginin laka, aka bar ƙofa ɗaya ta tura itace, aka bar tazarar kamar kaurin yatsa tsakanin tukunya da bangon murhun, harshen wuta sai ya riƙa lasar jikin tukunyar kafin ya fita. Yumɓu, yashi, yankakkiyar ciyawa da ruwa, shi ke nan kayan aikin. A auna shi da tukunyar tuwon gidan, a bar shi ya bushe sarai kafin a hura masa wuta, in ba haka ba zai tsage. 'Yan'uwanmu na tsallaken iyaka sun daɗe da sanin wannan: tun shekarun 1980 ake yaɗa murhun ƙarfe mai suna Mai Sauƙi da na laka mai suna Albarka a Jamhuriyar Nijar. Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni dangin juna ne, kuma maƙerin da ya ga Mai Sauƙi sau ɗaya zai iya ƙera shi da tsohon ƙarfe.

Wannan batu ya fi nauyi a nan fiye da sauran wurare. Shekarun nan da 'yan bindiga suka addabi yankin, shiga daji neman itace ya zama kasada da rai, kuma mata da yara ne ke zuwa. Duk ɗaurin itacen da murhu ya rage, an rage tafiya ɗaya ke nan. Gidan da ke saye kuwa, abin da ya ragu kullum shi za a zuba a adashi, ya biya mataki na gaba.

Matakin nan shi ne ruwa. Hadarin damina daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ke fara zaizayewa. A yi masa yaɓe mai kauri kafin ruwa ya sauka, a sauya azarar da gara ta ci, a gyara indararo. Idan kwanon rufi biyu ne suka huje, biyun za a saya. Bayan kaka ne lokacin wannan aiki, sa'ad da kuɗin gero da wake suka shigo, rana kuma tana busar da gini. Ƙasan madafi ba dole sai siminti ba. Daɓen birji da makuba yana daɗewa idan an buga shi da kyau. A ɗan karkatar da shi zuwa rariya kada ruwan wanke-wanke ya kwanta, a ɗaga dokin ƙofa. Buhun simintin da aka samu a kashe shi a wurin wanke-wanke da gindin randa, inda laima ba ta yankewa.

Ajiya ta biyo baya. Kanta ɗaya ta katako da ragaya sun isa su ɗauke abinci daga ƙasa, gari da tsaki kuma a zuba a mazubi mai murfi, domin ta fitsari da kashin ɓera zazzaɓin Lasa ke kama mutane. Inda wutar lantarki ba ta zama, akwai dabarar da Malam Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, wadda ta ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000: tukunyar ƙasa a cikin babbarta, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen ƙyalle a sama. Ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafi, tumatir da tattasai su ƙara kwanaki. Busasshiyar iskar Gobir ta dace da ita ƙwarai.

Tayil da fenti da tukunyar gas su jira, ba laifi ba ne a so su. Abin da nake roƙon magidanta shi ne kafin a kira magini, a tambayi uwargida. Ita ta san inda hayaƙi ke tsayawa, da kusurwar da ke yoyo, da tsayin murhun da ba zai karya mata baya ba.