Masu Neman Aiki, Hattara Da 'Yan Damfarar Intanet

A ranar Asabar 15 ga Maris, 2014, matasa fiye da rabin miliyan suka fito filayen wasa a faɗin Nijeriya domin jarrabawar shiga Hukumar Shige da Fice. Guraben aikin kuwa ba su kai 5,000 ba. A turmutsitsin da aka yi a Abuja, Minna, Benin da Fatakwal, aƙalla mutum 16 suka rasa rayukansu. Mun tuna da wannan rana ne domin mu ga irin ƙishin aiki da ke damun 'ya'yanmu. Wannan ƙishi shi ne jarin ɗan damfara. A dā sai ya yi hayar ofis ya kafa allo. Yau kuwa wayar hannu ta ishe shi.

Yadda Suke Ɗana Tarko

Yawanci abin yakan fara da sanarwa a Facebook ko WhatsApp, ɗauke da tambarin kamfanin mai na NNPC, ko Kwastan, ko wata ƙungiyar agaji ta ƙasashen waje. Albashi mai tsoka, ba a neman ƙwarewa, kuma wai gobe za a rufe. Yaro ya cika fom. Kafin kwana biyu sai ga saƙo cewa an zaɓe shi, amma ya aika kuɗin rajista. Ya aika. Sai a ce saura kuɗin gwajin asibiti, sai na kayan sarki, sai na wani "oga" da zai sa hannu. Kowane biya yakan ɗan fi na baya, gama sun san wanda ya riga ya zuba kuɗi ba ya son ya juya. Ranar da aljihu ya bushe, ranar lambarsu za ta daina shiga.

Waɗansu ba su neman ko kwabo. Fom ɗin ne tarkon. Za su nemi lambar BVN, lambar katin banki, sa'an nan su kira su ce a karanta musu lambobin da banki ya turo yanzu. Wanda ya karanta ya miƙa musu makullin asusunsa da hannunsa.

Akwai kuma aikin "zauna a gida ka ci kuɗi" a Telegram. Za a ce ka riƙa danna alamar so a bidiyo, a biya ka 'yan kuɗi kaɗan har ka saki jiki. Daga nan sai a ce ka zuba naka domin a ba ka babban aiki. Banza dai ba ta kai zomo kasuwa.

Mafi muni shi ne wanda ke cin mutum ɗungum. Hukumar NAPTIP, wadda aka kafa a 2003 domin yaƙi da fataucin mutane, ta sha maido da 'yan matan da aka yi wa alkawarin aikin otal ko kanti a waje, suka tsinci kansu cikin karuwancin dole a Mali. Haka kuma a watan Disamba na 2024, hukumar EFCC ta kama mutum 792 a wani bene a Legas, cikinsu har da 'yan China 148. Yawancin sauran matasan Nijeriya ne da aka ɗauka aikin kwamfuta, aikin kuwa shi ne yaudarar mutanen waje ta intanet.

Abin Da Za Mu Riƙe

Magana ɗaya ce, 'yan'uwa: mai ɗaukar aiki shi ke biyan ma'aikaci. Duk wanda ya ce ka biya kafin ka samu aiki, ka ja da baya. Rundunar soja, 'yan sanda da hukumar da ke ɗaukar ma'aikatan Shige da Fice da na kashe gobara sun sha nanata cewa fom ɗinsu kyauta ne.

Na biyu, a duba adireshin. Shafukan ma'aikatun gwamnati sukan ƙare da gov.ng, na soja kuma da mil.ng. Ma'aikata ba ta karɓar kuɗi a asusun wani mutum mai suna guda.

Na uku, in kamfani ne, a binciki sunansa a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a kuma nemi wanda zai taka ya ga ofishin da idonsa.

Na huɗu, in an kira ganawa a otal ko a gidan wani, kada a tafi shi kaɗai, kuma a bar adireshin a gida. Kada a miƙa wa kowa fasfo ko takardun makaranta na ainihi.

Namu Laifin

A nan dole mu faɗa wa kanmu gaskiya. Da yawa daga cikin sanarwar nan ta hannunmu suke yawo. Dattijo ya gani, ya tura zauren WhatsApp na matasa ko na zumuntar mata da zuciya ɗaya. Yaro kuwa ya ga daga Baba ta fito, sai ya amince. Kada mu tura abin da ba mu bincika ba.

Sa'an nan wanda aka cuta yakan yi shiru saboda kunya, musamman in kuɗin bashi ne ko na akuyar da mahaifiya ta sayar. Shirun nan shi ke ba macuci damar kama na gaba. Wanda abin ya same shi ya garzaya banki nan take a toshe katinsa, ya adana saƙonni da shaidar biya, ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko EFCC. Mu kuma iyaye, kada mu tarbe shi da faɗa. Mu zaunar da shi, mu ji yadda aka yi, mu gargaɗi na bayansa.

In kunne ya ji, jiki ya tsira.